Yadda na gyara jadawalin Gantt da ya ƙi motsi a Microsoft Project

Microsoft Project manhajar tsara ayyuka ce, jadawalin Gantt kuma zane ne da ke nuna kowane aiki a matsayin sanda a kan layin kwanaki. Aikin ginin ajujuwa ne, siminti ya yi jinkirin isowa. Na matsar da ranar zuba kankare gaba, amma sandunan ɗora bulo da rufi suka tsaya cak a inda suke.

Ashe manhajar kan buɗe sabbin ayyuka a yanayin Manually Scheduled, wato ba ta taɓa ranarsu sai ka gyara da hannunka. Na zaɓe su duka na danna Auto Schedule. Sannan ayyukan ba a ɗaure suke da juna ba. A gurbin Predecessors na rubuta lambar aikin da ya gabaci kowanne, nan take kibiyoyi suka fito, sanduna suka jeru.

Inda na fi shan wuya shi ne jiran kankare ya yi ƙarfi. Da na rubuta 4FS+7d a gurbin Predecessors (wato a fara aiki kwana bakwai bayan an gama aiki mai lamba 4, zuba kankare ke nan), sai ta tsallake Asabar da Lahadi tana ƙara mana kwanaki, alhali kankare bai san hutu ba. 4FS+7ed ne daidai, shi ke ƙirga kowace rana.

Maginanmu kuma suna aiki ran Asabar, don haka na buɗe ranar a Change Working Time, na cire lokacin sallar Juma'a.