Yadda za ka gyara kod ɗin virt-manager ba tare da ka fasa wa mutane injinansu ba

Duk wanda ya taɓa buɗe kod ɗin manhajar da ke kula da kwamfutocin bogi (injinan da ke gudana a cikin wata kwamfutar kamar manhaja) a tebur, irin virt-manager, ya san yadda hannu yake ƙaiƙayi, ka ga fayil ɗaya ya yi layi dubu da wani abu sai ranka ya ce bari in share wannan in rarraba wancan. To ka dakata tukuna. Manhajar nan tun 2006 take, Daniel Berrangé ne ya fara ta a Red Hat, daga baya Cole Robinson ya riƙe ta shekaru da dama, kuma ta sha sauye-sauye, ta koma GTK 3 (kayan da ake zana tagoginta da su), ta koma Python 3 a sigar 2.0 ta 2018. Layin da kake gani kamar shirme ne, sau da yawa wani ne ya sha wahala da wata tsohuwar QEMU, manhajar da ke gudanar da injinan bogin, ya sa shi. Kafin ka taɓa, yi git blame, umarnin da ke nuna wanda ya rubuta kowane layi, ka karanta saƙon kwamit ɗin (sauyin da aka adana a git) da ya shigo da shi. Minti biyar ne kawai.

Abu na farko, ka san gida. Foldar virtinst ita ce ke ƙera XML ɗin (rubutaccen bayanin injin) da ake miƙa wa libvirt, manhajar da ke sarrafa injinan a ƙarƙashi, ita ce virt-install da virt-clone da virt-xml suke hawa kai. Foldar virtManager kuma ita ce tagogi da maɓallai, sai foldar ui mai fayilolin zanen tagogin. Idan ka ga lissafin yadda za a haɗa faifai ko katin sadarwa yana zaune cikin kod ɗin taga, wannan shi ne irin abin da ya cancanci a kwashe a kai virtinst, don can ne ake iya gwada shi ba sai an buɗe taga ba.

Kada ka yi gwaji a kan injinanka na gaske, don Allah. Libvirt na da direban gwaji, ka kunna manhajar daga cikin foldar kod da ./virt-manager --connect test:///default --debug, zai ba ka injin ƙarya da za ka kashe ka kunna ka goge yadda ka ga dama, komai a ƙwaƙwalwa yake, da ka rufe ya tafi. Ni dai ban yarda in fara gyara ba sai na ga wannan ya tashi lafiya kuma pytest, mai gudanar da gwaje-gwajen kod, ya wuce tas a kan kod ɗin da ban taɓa ba, saboda in akwai gwajin da dama can yake faɗuwa gara in sani yanzu, kar gobe in ɗora wa kaina laifin da ba nawa ba.

Yanzu ga inda maganar take. Sake tsarin kod yana nufin XML ɗin da ke fita bai canza ko da harafi ɗaya ba. Gwaje-gwajen aikin suna gudanar da virt-install da zaɓuɓɓuka iri-iri su kwatanta abin da ya fito da fayilolin da aka ajiye, to wannan shi ne alƙalinka. Ka matsar da aiki daga wani fayil zuwa wani, ka gudanar da pytest, in XML ya bambanta to ba gyaran tsari ka yi ba, hali ka canza, ko da kana ganin sabon ya fi kyau. Akwai zaɓin --regenerate-output da ke sake rubuta fayilolin kwatancen, kuma wallahi nan ne mutane ke yaudarar kansu, gwaji ya faɗi sai a sake rubuta amsar, komai ya yi kore, an wuce. In ka yi amfani da shi sai ka bi git diff layi-layi ka iya faɗin dalilin kowane sauyi. Shi ya sa kwamit ɗin matsar da kod daban, na canza hali daban, ranar da wani ya zo da git bisect yana neman inda abu ya lalace zai sa maka albarka.

Bangaren tagogi ya fi cizo. Python ba ya maka ƙorafi tun da wuri, ka canza sunan wani maɓalli a fayil ɗin ui ka manta wurin da kod ke kiran sa da self.widget, manhaja za ta tashi lafiya lau, sai ranar da wani ya shiga wannan shafin abu ya fashe. Don haka nemi sunan da grep kafin canza suna, grep bayan canzawa, sannan pylint mai duba kurakuran kod. Akwai gwajin tagogi ma da dogtail ke yi, pytest --uitests, yana karɓe linzami da allon rubutu yana danne-danne da kansa, ka bar masa kwamfutar ka je ka sha shayi, in ka taɓa linzamin za ka ɓata gwajin.

Sai zare, wato thread, layin aiki da ke tafiya a gefe ba tare da ya tsayar da sauran ba. Kiran libvirt kan ɗauki lokaci, musamman in haɗin ta SSH ne, shi ya sa ake yin sa a zare daban, amma GTK ba ya yarda a taɓa taga daga wani zare sai babban, dole sakamakon ya dawo ta idle_add. In kana kwashe kod ka cire wannan don ka ga kamar ba ya komai, a direban gwaji ba lallai ka ga matsala ba tunda komai nan take yake amsawa, sai a hannun mai haɗi mara ƙarfi taga ta daskare. Haka _cleanup, aikin da ake kira idan za a rufe taga gaba ɗaya, duk abin da ka haɗa da sigina ka tabbatar ka kwance shi a can, in ba haka ba tagar da aka rufe tana nan a ƙwaƙwalwa.

Game da goge tsofaffin abubuwa kuwa, karanta DESIGN.md tukuna, masu kula da manhajar sun rubuta irin abin da suke so a taga da wanda suka bar wa editan XML. Su kansu sun cire virt-convert a sigar 3.0 ta 2020, don haka in za ka cire wani abu ka kawo shi shi kaɗai a kwamit ɗinsa, da bayanin wa zai rasa me.