Yadda za ka bar jama'a su zaɓi hotunan baje koli ta intanet

Karon farko da na gwada wannan abu, hotunan ɗalibai talatin na zuba a Facebook, na ce wanda aka fi danna wa alamar so shi za mu rataya. Wanda ya ci, hoton kyanwa ne a kan katanga, ko kaifi ba shi da shi. Ashe kawun yaron ne ya watsa shi a rukunonin WhatsApp yana cewa a taya ɗansa. Ranar na gane yawan dangi na auna, ba kyawun hoto ba.

Don haka abu na farko, ɓoye sunan mai hoto, ka kuma ɓoye ƙuri'un da aka riga aka jefa. Mutum in ya ga hoto ya tara ɗari biyar, hannunsa can zai tafi ko bai duba ba. Gidan tarihi na Brooklyn a Amurka ya yi wannan da kyau a 2008, a wani baje koli da suka kira Click! An aiko musu hotuna 389 kan yadda fuskar Brooklyn, wani yanki na birnin New York, ke sauyawa. Mutum 3,344 suka ba da maki, ba wanda ya ga suna, ba wanda ya ga makin wani, hotunan na zuwa a cakuɗe, kuma babu hanyar da za ka tura wa abokinka hoto guda ka ce wannan za ka zaɓa. Ƙarshe aka rataya 78, wato kashi 20 cikin ɗari, wanda ya fi maki aka fi wanke shi da girma.

Ba sai kana da kuɗinsu ba. Google Forms ya isa: kowane hoto tambaya guda, maki daga 1 zuwa 10, ka kunna cakuɗa jerin tambayoyi, ka taƙaita amsa ɗaya ga kowane mutum. Wannan zai sa sai an shiga da asusun Google, wasu dattawa za su yi mita, amma ya fi a cika maka akwati. Rage nauyin hotunan saboda data, kuma kada ka wuce arba'in, don daga nan mutane sai su fara danna 5 kawai su huta.

Ka faɗi doka tun kafin a fara: ranar rufewa, hotuna nawa za a ɗauka, da abin da ya rage a hannunka. Ni yanzu rabin bango nake ba jama'a, rabi na riƙe. Dabarar cibiyar zane-zane ta Walker ce da ke Minneapolis a Amurka, wadda ta yi wani baje koli mai suna 50/50 a 2010. Dalili kuwa, ƙuri'a na son faɗuwar rana da murmushin yara. Hoton tsohuwa mai tsintar gawayi a bakin kwata ba zai taɓa ci ba, alhali sau da yawa shi ke tsayar da mai kallo.

Bar wa masu zaɓe gurbin rubuta dalilinsu. Ka tsamo jimla ɗaya ko biyu, da izininsu, ka liƙa ƙarƙashin hoton ranar buɗewa. Za ka ga mutum ya zo da iyalinsa yana neman inda aka sa maganarsa.