Yadda ake shigar da ƙwayar gado cikin ƙwayoyin T da bugun lantarki

Ƙwayoyin T na jinin mutum, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini masu garkuwa, ba sa karɓar DNA ta hanyar Lipofectamine (sinadarin maiƙo mai kai DNA cikin ƙwaya) kamar yadda HEK293, ƙwayoyin da ake renon su a ɗakin gwaji, ke karɓa. Shi ya sa ake huda fatarsu da lantarki. Sai dai lafiyar ƙwayoyin a ranar aikin ta fi na'urar muhimmanci.

A ware fararen ƙwayoyin jini a kan Ficoll, ruwan da ke raba jini layi-layi, a juya a na'urar juyawa a ƙarfin 400 g na minti 30 da birki a kashe, don kada layin fararen ƙwayoyin ya dagule. Jinin mutum na iya ɗauke da HIV ko cutar hanta nau'in B, saboda haka a yi aiki a matakin kariya na 2, da yardar mai jinin.

Sai a farkar da ƙwayoyin da 'yan ƙwallayen maganaɗisu masu kama CD3 da CD28, furotin ɗin da ke fatar ƙwayar T, ɗaya ga kowace ƙwaya, cikin ruwan reno na RPMI 1640 mai FBS (ruwan jinin tayin saniya) kashi 10 cikin 100 da IL-2 (furotin mai sa ƙwayoyin T yaɗuwa) ma'auni 100 a kowace mililita. A bar su awa 48 zuwa 72 a zafin digiri 37. Idan suka kumbura suka dunƙule, sun shirya. A cire ƙwallayen da maganaɗisu, a wanke, a ƙirga.

A na'urar bugun lantarki ta 4D-Nucleofector, a zuba ƙwayoyi miliyan 1 cikin maikurolita 20 na P3, ruwan da ake yin bugun a cikinsa, a haɗa da DNA, a zaɓi tsarin bugu na EO-115. Kada DNA ta wuce kashi ɗaya cikin goma na ruwan, kuma kada kumfa ta shiga. Ƙwayoyin ba sa son daɗewa cikin P3, don haka komai ya zama a shirye tun kafin a haɗa. Bayan bugun, a ƙara ruwan reno mai ɗumi, a bar su minti 10 a inkubeta kafin a kwashe a hankali.

Inda aka fi asara shi ne filasmid, wato zoben DNA mai ɗauke da ƙwayar gadon. Ƙwayar garkuwa tana da cGAS mai gano baƙuwar DNA, sai ta ɗauka cuta ce ta shigo, da yawa su mutu. A tace filasmid ɗin daga endotoksin, gubar bakteriya, a fara da maikurogiram 0.5 zuwa 1. Idan gwajin na 'yan kwanaki ne, mRNA, saƙon da ƙwaya ke karantawa ta haɗa furotin, ta fi: ba ta buƙatar shiga cibiyar ƙwaya, furotin na fitowa cikin 'yan awanni, amma yana dusashewa.

Bayan awa 24 a auna GFP, furotin mai ƙyallin kore da ke nuna ƙwayar gadon ta shiga, da rinin gane matattu a na'urar ƙirga ƙwayoyi. A ajiye rukunin da aka buga ba tare da DNA ba. Shi zai nuna ko lantarkin ne ya kashe su ko DNA ce.