Yadda shugaban makaranta zai tallafi malamansa su iya koyarwa da kwamfuta

A makarantun kuɗi da Islamiyyoyin Agege, Idi-Araba da Mile 12 a Legas, abin da aka saba gani shi ne: iyaye su haɗa kuɗi ko wani Alhaji ya ba da kwamfuta goma, a yi addu'a a watse, zango ɗaya a lulluɓe su da zani. Na'urar lafiyarta ƙalau, malamin da aka miƙa wa ne babu wanda ya zauna da shi. Malaman firamaren gwamnatin Legas sun samu shirin EKOEXCEL tun 2019, an ba su na'urar hannu da horo. Makarantar unguwa kuwa ita za ta yi wa kanta tanadi.

A fara da mutum ɗaya. A zaɓi malamin da abokan aikinsa ba sa jin nauyin tambayarsa, ko da ba shi da takardar kwamfuta, a rage masa darasi biyu ko uku a mako don ya riƙa shiga aji tare da mai buƙata. In malamai mata suna da yawa, a samu Malama ɗaya ta riƙe ɓangarensu. Tambayar da ba za a yi wa namiji ba, ita za a yi mata.

Horon kwana uku a lokacin hutu ba ya zama a kai. Minti 40 kowane mako ya fi, kuma a cikin lokacin aiki, domin malamin da zai kama motar Ikorodu ba zai tsaya bayan an tashi ba. Kowa ya zo da darasin da zai koyar a makon, a kansa za a yi aiki. Makon farko kunnawa, kashewa yadda ya dace, da ajiye fayil a jaka mai sunan aji da zango. Na biyu buga tambayoyin gwaji. A nan malaman Hausa da Larabci ke karaya, don ba su ga ɓ, ɗ, ƙ ko baƙaƙen Larabci ba. A shiga saitin harshe na Windows a ƙara Hausa da Larabci, sannan a riƙa sauyawa da maɓallin Windows haɗe da dogon maɓallin tazara. A waya, Gboard na da Hausa. Na uku haɗa maki a Excel, wanda shi ne ke jawo hankalin malamai, tunda lissafin ƙarshen zango na dare biyu ya koma na awa ɗaya. Majigi sai a mako na huɗu.

Wuta ce ke kashe darasi, ko ana ƙarƙashin Ikeja Electric ko Eko, don haka a yi lissafi kafin a sayi komai. Laftof na cin wajen wat 50, kwamfutar tebur da allonta na iya kaiwa 150, majigi mai fitila kuma 250 zuwa 300. Batirin infata mai bolt 12, 200Ah, yana ɗaukar wat-awa 2,400, amma rabin kawai ake ja in ana so ya yi ƙarko. Batiri biyu ke nan za su riƙe laftof goma awa huɗu da wani abu. A jona majigi, lokacin ya sauko zuwa wajen awa uku. Shi ya sa laftof ya fi dacewa, ga shi da nasa batirin. In na hannu za a saya a Computer Village da ke Ikeja, a nemi mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8GB da SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri), a cire caja a gaban mai shago a ga minti nawa zai yi.

Kada darasi ya rataya a kan data. A sa Kolibri ko Kiwix, manhajojin karatu ba tare da intanet ba, a laftof ɗaya, a sauke darussa da Wikipedia ta Hausa sau ɗaya, a haɗa shi da rauta ko babu kati a ciki. Sauran na'urorin za su buɗe ta burauza kamar intanet ne.

Ga ajin ƙarshe na sakandare batun ya wuce ado. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya; yanzu tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane darasi uku. Malamin da kansa ya fara zama ya yi gwajin da agogo, ya saba da maɓallan A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Wanda hannunsa ke rawa a kan linzami ba zai kwantar wa ɗalibi hankali ba.

Matsalolin da ke dawowa kaɗan ne, a rubuta maganinsu a manna a bango. Majigi ya ƙi nuna hoto: a duba wayar HDMI, a danna Windows da P a zaɓi kwafi. Burauza ta ƙi buɗe shafi tana kukan tsaro: a duba kwanan wata, galibi ƙaramin batirin CR2032 na ciki ne ya mutu, agogo ya koma baya. Fayiloli sun ɓace daga filas bayan an kai shi shagon buga takardu: ƙwayar cuta ce ta ɓoye su, ba goge su ta yi ba, kada a yi gaggawar wanke shi. Makaranta ta ware filas ɗaya na fita waje, a riƙa bincika shi kafin a soka. Danshin damina na Legas kuma yana cin allon ciki, don haka a ɗaga na'urori daga ƙasa, a kunna kowacce aƙalla sau ɗaya a mako ko a hutu ne.

A ajiye littafi a ɗakin kwamfuta: rana, lambar na'ura, abin da ya faru, wanda ya gyara. Kowane malami da asusunsa da lambar sirrinsa, sakamakon yara kuma a tura wa kowane uba shi kaɗai, ba a zuba shi a zauren WhatsApp na iyaye ba.