Yadda Za Ka Auna Haɗin Kan Afirka ta Kudu Bayan Wariyar Launin Fata

Ranar 27 ga Afrilu 1994 mutanen Afirka ta Kudu, baƙar fata da farar fata, suka tsaya a layi ɗaya suka kaɗa ƙuri'a. Jam'iyyar ANC ta samu kusan kashi 63 cikin 100, Nelson Mandela ya zama shugaban ƙasa, aka kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa wadda ta haɗa da F. W. de Klerk na jam'iyyar NP, wadda ta yi mulkin wariya, da Mangosuthu Buthelezi na jam'iyyar IFP. Ɗalibi ko ɗan jarida ko mai sharhi da ke son yin magana a kan ƙasar a yau yakan faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu: ko dai ya tsaya a wannan rana yana yabon sulhu, ko kuma ya ce babu abin da ya canja. Dukansu biyun zalunci ne ga mutanen da suka ba da jininsu a Sharpeville a 1960 da Soweto a 1976. Hanyar da ta fi adalci ita ce ka bi sawun dukiya, domin dokokin wariya an gina su ne a kan wa zai mallaki ƙasa, wa zai yi wane aiki, kuma wa zai kwana a ina.

Ka fara da ƙasar noma tun kafin ka buɗe jawabin kowane ɗan siyasa. Dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙar fata, waɗanda su ne mafi rinjaye, kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasar, sannan dokar 1936 ta ɗaga kason zuwa kimanin kashi 13. An yi wannan tun kafin jam'iyyar NP ta hau mulki a 1948 ta mayar da wariya cikakken tsarin gwamnati. Idan ka riƙe waɗannan shekaru biyu, za ka gane dalilin da ya sa dokar mayar da filaye ta 1994 ta ce sai wanda aka ƙwace masa ƙasa bayan 19 ga Yuni 1913 ne zai iya shigar da ƙorafi, abin da ya rufe ƙofa ga duk wanda aka raba kakanninsa da gonakinsu a yaƙe-yaƙen mamaya na ƙarnonin da suka gabata. Daga nan sai ka kwatanta alkawari da cikawa. Gwamnatin Mandela ta yi alkawarin mayar da kashi 30 cikin 100 na ƙasar noma hannun baƙar fata cikin shekara 5, amma aka bi tsarin sai mai gona ya yarda ya sayar a farashin kasuwa, sashe na 25 na tsarin mulkin 1996 kuma ya ba da kariya ga mallaka. Binciken filaye da gwamnati ta yi a 2017 ya nuna cewa a cikin gonakin da ɗaiɗaikun mutane suka mallaka, kashi 72 na hannun farar fata, kashi 4 kacal ke hannun baƙar fata 'yan asalin Afirka. A nan sai ka kula ƙwarai wajen kawo wannan adadi: gonakin ɗaiɗaikun mutane yake nufi, bai haɗa da filayen gwamnati da na kamfanoni da na masarautun gargajiya ba. Masu gardama daga kowane ɓangare suna yawan ɓoye wannan sharaɗi don adadin ya yi musu daɗi.

Bayan gona, sai ka buɗe taswirar birni. Dokar raba unguwanni ta 1950 ta ba kowane launi wurin zamansa, kuma da irin waɗannan dokoki aka rushe Sophiatown a Johannesburg daga 1955, aka ayyana District Six na Cape Town a matsayin unguwar farar fata a 1966, aka kwashe sama da mutum 60,000 zuwa bayan gari. An soke dokar a 1991, amma gine-gine ba sa tashi don an soke doka. Ka dubi Sandton, inda kasuwar hannun jarin Johannesburg take, ka dubi Alexandra, unguwar da ta cika maƙil da gidajen kwano, za ka ga babbar hanyar mota ta M1 ce da 'yar tazara suka raba su. Tambayar da ya kamata ka yi wa kowace unguwa ita ce: mai aikin gida ko mai gadi da ke zaune a Khayelitsha da ke bayan garin Cape Town ko Soweto da ke bayan garin Johannesburg, awa nawa yake yi a hanya, kuma kashi nawa na albashinsa yake ba motar haya kafin ya isa wurin aiki? Amsar wannan tambaya tana bayyana wariyar da ta rage fiye da kowace takarda, domin nisan da aka tsara da gangan ya zama haraji da talaka yake biya kowace safiya.

Sai ka zo ga alƙaluma, kuma nan ne ake bukatar haƙuri. Ƙidayar jama'a ta 2022 ta nuna mutum miliyan 62: baƙar fata 'yan asalin Afirka kimanin kashi 81, masu gaurayen asali kimanin kashi 8, farar fata kimanin kashi 7, 'yan asalin Indiya da Asiya ƙasa da kashi 3. Ka rubuta wannan a gefen takardarka, domin duk wani adadi da zai biyo baya da shi za ka auna shi. Bankin Duniya ya sa ƙasar a sahun gaba na duniya wajen tazara tsakanin mai shi da mara shi, inda ma'aunin Gini, wanda ke auna wannan tazara daga 0 zuwa 1, ya kai kimanin 0.63, kuma rahotonsa na 2022 ya ce kashi 10 na mutane ne ke riƙe da sama da kashi 80 na dukiya. Rashin aikin yi a hukumance ya haura kashi 30 cikin 100 a 'yan shekarun nan, amma idan ka raba shi bisa launi za ka tarar na farar fata bai kai kashi 10 ba, na baƙar fata kuwa ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Akwai kuma ma'auni na biyu da hukumar ƙididdiga take fitarwa, wanda ya haɗa da waɗanda suka gaji da neman aiki suka zauna, kuma shi ya fi kusa da abin da ake gani a unguwannin talakawa. Kowanne ka kawo, ka faɗi wanne ne.

Kada ka haɗa albashi da dukiya a ƙwarya ɗaya. Matashiya baƙar fata da ta gama jami'a ta samu aiki a banki tana iya karɓar albashi daidai da na abokiyar aikinta farar fata, amma ɗaya ta gaji gida da fansho da hannun jari daga iyayenta, ɗayar kuwa albashinta ne ke ciyar da uwa da ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa a ƙauye. Dokar ilimin baƙar fata ta 1953 an tsara ta ne don ta samar da leburori, kuma iyayen ma'aikatan yau da kakanninsu a waɗannan makarantu suka yi karatu. Wannan shi ya sa tazarar dukiya ta fi ta albashi taurin kai.

Haka kuma ka auna tazarar da ke cikin baƙar fata kansu, domin wanda ya tsallake wannan mataki zai kasa fahimtar siyasar yau. Dokar daidaita ɗaukar ma'aikata ta 1998 da dokar ƙarfafa tattalin arzikin baƙar fata ta 2003, wadda aka fi sani da BEE, sun buɗe ƙofofin ofisoshi da kwangiloli da hannun jari, sun kuma haifar da masu matsakaicin hali da attajirai baƙar fata, ciki har da Cyril Ramaphosa, wanda ya taso daga shugabancin ƙungiyar ma'aikatan haƙar ma'adinai ya zama hamshaƙin ɗan kasuwa kafin ya zama shugaban ƙasa a 2018. A ganina waɗannan dokoki sun zama dole, amma amfaninsu ya taru a hannun 'yan kaɗan da ke kusa da jam'iyya. Abin da ya faru a Marikana ranar 16 ga Agusta 2012 ya isa hujja: 'yan sandan gwamnatin ANC sun harbe ma'aikata 34 da ke yajin aiki a mahaƙar kamfanin Lonmin suna neman albashin rand (kuɗin ƙasar) 12,500 a wata. Masu harbi da waɗanda aka harba galibi launinsu ɗaya ne.

Adalci ya wajabta ka lissafa abin da aka samu. Gwamnati ta gina gidaje sama da miliyan 3 ta ba talakawa, gidajen da ke da wutar lantarki sun tashi daga kimanin kashi 58 a ƙidayar 1996 zuwa sama da kashi 90 a ta 2022, tallafin kula da yara da aka fara a 1998 tare da na tsofaffi da nakasassu yana isa ga mutane kusan miliyan 19, kuma a 2020 aka ƙara tallafin rand 350 ga marasa aiki. Waɗannan sun rage yunwa, kuma wanda ya rena su bai san mene ne kwana da yunwa ba. Sai dai tallafi yana riƙe rai ne, ba ya zama jari da za a gadar wa ɗa.

Da ka gama wannan, sai ka koma ga haɗin kan siyasa da idon da ya riga ya ga alƙaluma. Ka bambanta haɗin kai iri biyu. Akwai na shugabanni, irin wanda aka yi a teburin tattaunawa tsakanin 1990 da 1994, da kuma Hukumar Gaskiya da Sasantawa da Desmond Tutu ya jagoranta daga 1996, wadda ta saurari labarin kisa da azabtarwa ta kuma yi afuwa ga wasu da suka faɗi gaskiya, amma ba a ɗora mata aikin raba dukiya ba. Wannan haɗin kai ya hana yaƙin basasa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma na talakawa a kan buƙata guda, irin na ƙungiyar yaƙi da wariya ta UDF da aka kafa a 1983, wadda ta tara coci-coci da ƙungiyoyin Musulmi da na ɗalibai da na unguwanni daga kowane launi, da kuma ƙungiyar TAC mai fafutukar samar da maganin HIV da aka kafa a 1998, wadda ta maka gwamnati a kotu har Kotun Tsarin Mulki ta umurce ta a 2002 da ta ba mata masu juna biyu maganin hana yaɗa cutar HIV ga jarirai. Duk lokacin da ka ji an ambaci haɗin kai, ka tambayi wane ne ya haɗu da wa, a kan wace buƙata, kuma me ya shiga hannun talaka bayan taron. Ka kuma bi hukuncin kotu har gida: Irene Grootboom ta yi nasara a shahararriyar shari'ar haƙƙin muhalli a 2000, amma ta rasu a 2008 ba ta samu gidan ba.

Ka lura da inda fushi yake sauka idan alkawari ya yi jinkiri, domin ba kasafai yake sauka a kan mai dukiya ba. A Mayun 2008 hare-hare kan baƙin haure suka fara daga Alexandra, aka kashe mutum 62. A Satumbar 2019 aka sake far wa shagunan baƙi a Johannesburg, har aka kwaso ɗaruruwan 'yan Najeriya zuwa gida, abin da ya yi wa mutane zafi matuƙa ganin irin tallafin da Najeriya ta ba gwagwarmayar yaƙi da wariya. A tarzomar Yulin 2021, wadda ta biyo bayan ɗaure tsohon shugaban ƙasa Jacob Zuma, sama da mutum 350 suka mutu, kuma a unguwar Phoenix kusa da Durban rikicin ya koma tsakanin 'yan asalin Indiya da baƙar fata. Idan kana ba da labarin irin waɗannan, ka la'anci kisan ba tare da kwana-kwana ba, sannan ka nuna wa mai karatu adadin marasa aiki a unguwar da abin ya faru, ka kuma ambaci 'yan siyasar da suke cin riba da ɗora laifi a kan baƙo.

Zaɓen 29 ga Mayu 2024 shi ne wurin da za ka gwada duk abin da ka tara. ANC ta faɗo zuwa kimanin kashi 40, karo na farko da ta rasa rinjaye tun 1994. Jam'iyyar DA, wadda mafi yawan farar fata ke zaɓa, ta samu kusan kashi 22. Sabuwar jam'iyyar MK ta Zuma ta samu sama da kashi 14, EFF ta Julius Malema kuma ƙasa da kashi 10. Kada ka tsaya ga rabon kujeru. Ka dubi waɗanda suka fito: ƙasa da kashi 59 na masu rajista, alhali a 1999 sun kusa kashi 90, ban da miliyoyin da ba su yi rajista ba sam. Ramaphosa ya kafa sabuwar gwamnatin haɗin kan ƙasa da DA da IFP da wasu ƙananan jam'iyyu, kuma don ka san ko wannan ƙawance yana taɓa tushen matsalar, ka bi saɓaninsu a kan kuɗi da ƙasa. A Janairun 2025 shugaban ya sa hannu a dokar karɓe filaye, wadda ta ba da damar karɓa ba tare da diyya ba a wasu keɓaɓɓun yanayi, DA ta ƙalubalance ta a kotu tana cikin gwamnati, Donald Trump kuma ya dakatar da tallafin Amurka a watan Fabrairu yana kafa hujja da ita. A wannan watan ne aka ɗage gabatar da kasafin kuɗi saboda rikici kan ƙarin harajin kayan masarufi na VAT, ƙarin da daga baya aka janye a Afrilu. Ka samu takardar kasafin kowace shekara, ka duba nawa aka ware wa sayen gonaki da tallafa wa sababbin manoma, nawa aka ware wa jiragen ƙasa da ke kai ma'aikata daga bayan gari, nawa kuma ya tafi biyan ruwan bashi, sannan ka ajiye ta kusa da ta shekarar da ta gabata ka kwatanta su layi bayan layi.