Ga masu rubuta shaidar rantsuwa a Amurka: a kula da ƙa'ida ta 30

Salamu alaikum 'yan uwa. Mai shirin kama aikin rubuta bayanin shaida a ofishin lauya, kafin a shiga gaban alƙali, ya riƙe ƙa'ida ta 30 ta dokokin shari'ar farar hula na kotunan tarayya.

Kafin lauya ya jefa tambayar farko, kai za ka buɗe zama: sunanka da adireshin wurin aikinka, rana da lokaci da wuri, sunan mai shaida, sai ka rantsar da shi, ka ambaci duk wanda ke ɗakin. Har wanda ya lafe a kusurwa bai ce uffan ba.

Inda sababbi suka fi tuntuɓe shi ne bitar rubutu. Mai shaida na da kwana 30 ya duba ya yi gyara, daga ranar da ka sanar da shi rubutu ya kammala, amma sai in an nemi hakan kafin a tashi daga zaman. Saboda haka ni dai shawarata, kada ka naɗe na'urarka sai ka tambaya ko ana son bitar, amsar ta shiga rubutu. In ya canza wani abu, dole ya kawo dalili ya sa hannu, kai kuma ka haɗa da takardar tabbatarwarka, wato wadda kake tabbatar da cewa an rantsar da shi kuma rubutun daidai ne.

Idan lauyan ko mai ƙarar ɗan'uwanka ne, ƙa'ida ta 28 ta hana ka zaman. Kotunan jihohi kuwa kowace da nata tsarin, a duba na jihar da ake ciki.