Yadda Ake Gane Alamun Tausayi a Jikin Dabbobi

Ranar da aka kai ɗan akuya kasuwa, ba mai barcin kirki a gidan. Uwar za ta kwana tana kuka, tana fizgar igiya har turken ya fara girgiɗi. Sai ka ji ana cewa, "Allah sarki, dabba ma da tausayi." Kukan yana taɓa zuciya, amma na rashin da ita kanta ta yi ne. Tausayin da nake nufi shi ne abu ya sami wata dabba, wadda bai sama ba ta damu, har ta yi wani abu a kai. Ya zo a hadisin Bukhari da Muslim cewa Allah ya kasa rahama kashi 100, ya saukar da kashi ɗaya duniya, kuma da shi halittu suke jin ƙan juna, har dabba take ɗage kofatonta don kada ta taka ɗanta. Mai kiwo a gida zai iya ganin wannan da idonsa idan ya san inda zai duba.

Mataki na farko: san dabbobinka a ranar da ba abin da ya faru

Ɗauki mako guda kana zama kusa da turke ko akurki, minti 10 da safe, minti 10 da yamma, ba ka ɗauke da dusa ko harawa a hannu. Wace ce take kwanciya kusa da wace lokacin tuƙa? Wace ke lasar wace? Wace ke tunkuɗe wace a bakin kwano? Rubuta. Idan ba ka san zamansu na kullum ba, duk abin da ka gani ranar tashin hankali sai ka ɗauka sabon abu ne.

Mataki na biyu: idan abu ya faru, ɗauke idonka daga wadda abin ya sama

Wannan ya fi ko wanne wuya, domin ido yana bin mai kuka. Amma amsar tana wurin 'yan kallo. Haka Frans de Waal, masanin birai ɗan ƙasar Holan, ya yi a gidan zoo na birnin Arnhem. Shi da abokiyar aikinsa sun wallafa a 1979 cewa idan birai cimfanzi biyu suka yi faɗa, wani na uku da ba ruwansa da rigimar yakan je wurin wanda ya sha kashi, ya rungume shi ko ya riƙa shafa masa jiki. Suka kira wannan lallashi. An daɗe ana kallon faɗan birai, amma hankali yana kan mafaɗatan.

Kai ma idan raguna suka gwabza, ko ana yi wa akuya allura, ko kaza ta maƙale a waya, duba sauran. Wace ta daina ci? Wace ta miƙar da kunnuwa, ta kafe ido, numfashinta ya sauya? A Jami'ar Bristol ta Ingila, a 2011, an riƙa hura wa 'yan tsaki iska kaɗan a gaban uwarsu. Ba abin da ya taɓa kazar, amma bugun zuciyarta ya ƙaru, ta rage gyaran gashinta, ta yawaita irin kiran nan da take tara 'ya'ya da shi. Damuwa ta tsallaka daga wani jiki zuwa wani, kuma daga nan tausayi yake farawa.

Mataki na uku: dubi ƙafafu

Damuwa kaɗai ba ta isa ba. Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yawancin firgitar da ake gani a garke irin wannan ce: ɗaya ta yi ƙara, saura suka watse, kowace tana ta kanta. Ba laifi ba ne, amma tsoro ne. Zumunci kuwa a ƙafa yake. Wadda ta taka ta nufi mai ciwon, ita za ka sa wa ido.

Sai ka lura da yadda ta isa. A hankali, kai a ƙasa, ko da gudu kamar mai neman rigima? Ta sunsuna sau ɗaya ta wuce, ko ta tsaya? Na taɓa zama a wani garke da yamma, shanu sun dawo daga kiwo, wata karsana ta sha tunkuyi a bakin ruwa ta koma gefe tana rawar jiki. Wata tsohuwar saniya, wadda ba uwarta ba ce, ta bar layin ruwan ta je ta tsaya gefenta, ta fara lasar wuyanta daga gindin kunne zuwa tozo. Ina jin ƙarar harshen a kan fata kamar ana kankare ƙwarya. Ba a jima ba karsanar ta sauke kai, ta lumshe ido. Har yau ina tuna wannan yammacin.

Giwaye suna da nasu salon. Joshua Plotnik da de Waal sun bi giwaye 26 a ƙasar Tailan, suka wallafa a 2014 cewa idan ɗaya ta firgita, na kusa sukan matso, su taɓa fuskarta da hannunsu, wani lokaci har su sa shi a bakinta, suna wata 'yar ƙara mai taushi.

Mataki na huɗu: kwatanta da washegari

Gani ɗaya bai isa hukunci ba, har wanda na ba da labarinsa. Dabarar masu bincike mai sauƙi ce: a kalli minti 10 bayan abin ya faru, sannan washegari a daidai wannan lokacin a sake kallon dabbobin nan idan suna zaman lafiya. Idan lasa da matsowa sun fi yawa bayan tashin hankali, kuma haka ya maimaitu sau da dama, ka sami alama. Nan littafinka na makon farko zai yi amfani. Duba kuma wa ke zuwa wurin wa, domin an ga lallashi ya fi yawa tsakanin waɗanda suka saba. A Jami'ar McGill ta Kanada, a 2006, an ga ɓera yana ƙara jin zafin ciwo idan yana kallon abokin kejinsa cikin ciwo, amma ban da baƙo.

Mataki na biyar: me ta bari don ta je?

A ganina wannan ce alama mafi ƙarfi. Saniyar can ruwa ta bari, bayan yini guda a daji. A Jami'ar Chicago, a 2011, an kulle ɓera a cikin wani matsattsen bututu, aka saki abokin zamansa a waje. Cikin kwanaki na wajen ya koyi buɗe ƙofar, ya riƙa sakin ɗan'uwansa. Da aka ajiye bututun da ba kowa a ciki, ko mai ɓeran roba, bai damu da buɗewa ba. Da aka ajiye masa cakulan a bututu na biyu, ya buɗe duka biyun, kuma sau da yawa ya rage wa wanda ya saki.

Mataki na shida: tambayi kanka ko akwai wani dalili

Wataƙila gishirin gumi take lasa. Wataƙila warin jini ne ya jawo ta. Wataƙila kai take bi, don ta saba ganinka da abinci. A dajin Comoé na ƙasar Kwaddebuwa akwai wasu manyan tururuwa masu kai wa gara hari, suna ɗauko 'yan'uwansu da suka ji rauni su kai gida. Abin gwanin sha'awa, amma wani sinadari da mai raunin yake fitarwa ne yake sa a ɗauke shi. Haka kare da yake sunkuyar da kai idan ka dawo ka tarar da ɓarna: Alexandra Horowitz, masaniyar halayyar karnuka, ta nuna a 2009 cewa faɗan mai shi ne ke jawo wannan fuskar, ko ya yi laifin ko bai yi ba. Sai dai kare ba a baya yake ba. A wani gwaji a Landan a 2012, da karnuka 18, yawancinsu sun je cikin ladabi wurin mutumin da yake kuka, ko da baƙo ne. Da a ce nasu hankalin suke son kwantarwa, wurin mai su za su gudu.

Don Allah kada ka daki dabba, ko ka tsorata ta, ko ka raba uwa da ɗanta don ka ga abin da saura za su yi. Rayuwar garke da kanta tana kawo ranakun: ranar rigakafi, ranar haihuwa, ranar da shirwa ta kawo sura. Idan ciwo ne, fara da magani, ka kira malamin dabbobi idan abin ya fi ƙarfinka. Kuma in cutar ba mai yaɗuwa ba ce, ɗaure mara lafiyar inda za ta riƙa ganin wadda ta saba kwanciya kusa da ita, sannan ka ja kujera gefe ka zauna.